Ranar da Awaki Suka Yi Nazarin Inna

Jiya da rana tsaka, ba ma da dare ba kamar yadda mutanen kirki suke yi, Malam Hudu ya yi wani mafarki. Da haushi ya kwanta, shi ya sa.

Malam Hudu malamin adabin Turanci ne a wata sakandare a Dutsin-ma, shi ne kuma mai horar da 'yan muhawara. Bakinsa ya jawo wa makarantar kofuna har kabad ɗin shugaba ya daina rufuwa. To, mahaifiyarsa, Inna, yanar ido ta rufe mata gani. Likitocin da suka zo garinsu aikin ido kyauta washegari za su tattara su tafi, ita kuwa ta kafe ba mai kai mata ƙarfe ido. Ƙanwarsa Hansatu ta yi lallashi har ta gaji, sai ta buga masa waya.

"Yaya, ka zo. Kai ne mai baki a gidan nan."

Mai baki ne, ba musu. Abin da su duka biyun suka manta shi ne, shi ɗan fari ne. Inna kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo gare shi sai ta gaya wa duk abin da ke kusa da ita, bango ne ko tsintsiya, shi kuma ya tsinta. Shi dai tun da ya yi boko ya sa abin a layin ƙauyanci, ya daina tsinta.

Da hantsi ya iso da jawabinsa a shirye. Ya tsaya a tsakar gida ya gyara murya, ya kawo gabatarwa, ya jero hujjoji, ya taɓo zuciya, ya kammala, kamar dai yadda yake koya wa ɗalibai. Inna tana zaune tana tsince wake da laluben hannu. Da ya dire, sai ta juya wajen wata kaza ta ce, "Ke, yau wani ya kunna mana rediyo ya manta bai kashe ba."

Malam Hudu ya cika kamar ya fashe. Ya fice zaure ya kwanta a tabarma da takalmansa.

Sai ga shi a ƙofar wani gari. Ana ruwa, amma daga ƙasa ruwan yake tsattsafowa yana tafiya sama, kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a cikinta. Malam Hudu bai ga abin mamaki a nan ba. Abin da ya dame shi ƙafar wandonsa da ta jiƙe.

A bakin ƙofar wata akuya ce zaune a kujerar ofis, da tabarau a kan hanci.

"Me ka ɗauko?" in ji ta.

"Magana."

"Sauke."

Sai a lokacin ya ji nauyi a kansa. Ashe jawabin nasa ne ƙulle a buhu. Ya sauke. Akuyar ta zura kai ta jawo gabatarwar, doguwa kamar rawani, ta fara ci daga wannan bakin.

"Ke! Kin san wahalar da na sha kafin in tsara ta?"

"Gabatarwa ba ta shiga gari," ta ce tana tauna. "Da tsayinta ake tare hanya."

Ya yi tsaki. "Ina Inna?"

"Tana babban ɗakin jarrabawa, ana nazarinta. Ga likitocinku can."

Ya ɗaga kai. Balbelu ne farare jere a kan wata tsamiya, kowacce da abin auna ƙirji rataye a wuya.

"Rana na faɗuwa za su tashi," in ji akuyar. "A nan kuwa rana ba ta da lokaci. In ta gaji, faɗuwa take."

Ya saɓi buhunsa ya shiga gari da sauri.

Ofishin farko an rubuta a ƙofarsa Mutuncin Mai Magana. Wannan kam Malam Hudu ya san shi, don duk zangon karatu sai ya gaya wa ɗalibai cewa kafin mutane su saurare ka, sai sun yarda da ko kai wane ne. Ya shiga da ƙwarin gwiwa. Wani bunsuru ne a bayan tebur cikin babbar riga, ofishin ya ɗauki warinsa har labule.

"Wane ne kai?"

Malam Hudu ya faɗi digirinsa, ya faɗi kofunan, ya faɗi ranar da ya kayar da wani lauya a muhawarar gidan rediyo har lauyan ya nemi ruwa.

"Ban tambaye ka wane ne kai a Dutsin-ma ba," in ji bunsurun. "Wadda za ka yi wa maganar, da wane suna take kiranka?"

"Ba ta kirana."

"In ta so ambatonka fa?"

Malam Hudu ya rage murya. "Wani. Haka take cewa."

Bunsurun ya dangwala kofato a tawada ya buga masa a goshi. "Wani, wuce."

"Sunana Hudu!"

"Kada Wani ya ɗaga mana murya a ofis."

Daga nan duk wanda ya gamu da shi a titi sai ya ce, "Sannu Wani." Har wani jaki da ke ba da hannu a mahaɗar hanya sai da ya sara masa ya ce, "Ranka ya daɗe, Wani." Ya wuce shi cike da takaici.

Sai ga shi a kasuwa, a rumfar awon hujja. Wata tunkiya mai ɗankwali ta ce ya zazzage hujjojin da ke buhun. Ya zazzage, sai ga zabi sun zubo, ƙafafu a ɗaure. Ɗaya tana kuka tana cewa, "Aikin ba zafi! Aikin ba zafi!" Ɗaya tana cewa, "Kyauta ne!" Wata ƙosasshiya kuma tana cewa, "An yi wa Kuluwa maƙwabciya, yanzu da kanta take zura zare a allura!"

Tunkiyar ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana latsa ƙirjinsu.

"Lafiyayyu ne, ba ƙarya a jikinsu. Wa ya aike ka ka kawo su?"

"Kamar yaya wa ya aike ni? Hujjoji ne!"

"Tsohuwar ta ce maka zafi take gudu?"

"Ba ta ce ba."

"Ta ce maka tana ƙyashin Kuluwa?"

"A'a."

"To me ta ce take gudu?"

Malam Hudu ya dubi zabinsa. Bai sani ba. Bai tambaya ba, kuma ko ya tambaya wa zai amsa masa? Wannan ne ma ya fi ƙona masa rai, sai ya huce a kan tunkiyar, ya ce shi bai zo nan dabbar layya ta koya masa aikinsa ba.

Kusa da rumfar akwai wani biri mai faci, da famfonsa na hura taya. A allonsa an rubuta Kambamawa.

"Wani, kawo in hura maka su," in ji birin. "Da girma ake tsorata tsofaffi."

Kafin Malam Hudu ya ce uffan, birin ya cafke ƙosasshiyar zabuwar ya sa mata famfo. Ta kumbura ta kai tunkiya, tana cewa Kuluwa tana hango Katsina daga ɗakinta. Ta kai saniya, tana cewa Kuluwa tana ganin abin da za a yi baɗi. Sai ta fashe. Sauran zabin suka tsinke igiya suka bi ruwa sama. Birin ya kaɗe gashin da ya zubo masa a kafaɗa ya ce, "Ba ta da ƙwari."

Rana ta yi hamma ta ɗan zame ƙasa. Balbelu suka fara miƙa fukafukai.

Babban ɗakin jarrabawar ba shi da rufi. Awaki ne cike a kan benci, sahu-sahu, kowacce da biro a kunne. A can gaba, a kan wani faffaɗan tebur, ga Inna zaune a tabarmarta da tiren wakenta, tana tsincewa, ko a jikinta. Wata tsohuwar akuya mai gemu tana zagaya ta da bulala tana nunawa. Jan biron da ke aljihunta na Malam Hudu ne, ya gane shi da cizon da ke murfin.

"Ku dubi wannan tsohuwa da kyau," in ji mai gemun. "Mene ne jigonta?"

"Gwagwarmayar tsohon zamani da sabo!" in ji wata daga gaba.

"Madalla. Yanar da ke idonta alama ce ta me?"

Kofatai suka tashi sama. Wata ta ce alama ce ta duhun kai. Wata ta ce a'a, mulkin mallaka ne. Wata ramammiya daga baya ta miƙe ta ce a nata ra'ayin Inna ba makauniya ba ce, al'umma ce ta makance, Inna kuwa madubi ce kawai. Aka yi mata tafi da kofato.

"Waken fa?"

"Talakawa!"

"Tsakuwar da take fitarwa daga ciki?"

"'Yan siyasa!"

Malam Hudu ya ji kansa yana hayaƙi. Ya ratsa sahu ya isa gaba.

"Ba alama ba ce! Wallahi ba alamar komai ba ce! Ciwon ido ne, likita zai cire shi kafin shayi ya huce! Uwata ce, ku sauko da ita daga tebur!"

Mai gemun ta dube shi ta saman tabarau.

"Wani ya ce uwarsa ce. Kawo shaida daga cikin matani."

"Wane matani? Ga ta nan zaune!"

"A ina ta ce kai ɗanta ne? Wane layi?"

Babu layin. Tun da yake bai taɓa jin ta faɗa ba.

"Ra'ayi ba shaida," in ji mai gemun, ta ciro jan biron ta zana masa ƙwai a gaban riga. Abin da ya fi ba shi haushi, da irin muryarsa ta faɗa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya kayar da ɗalibi.

Ya ture ta ya fuskanci Inna. Buhu ya zama wayam, saura taɓa zuciya kawai, ita ma ta yamutse a ƙasa. Ya ɗauko ta haka nan.

"Inna! Ki dube ni! Ni ne Hudu!"

Maganar ta fita daga bakinsa a miƙe, yana ganinta da idonsa. Da ta zo dab da Inna sai ta rabu biyu ta kewaye ta, ta haɗe a baya ta bi ruwa sama. Tabarmar kuma ta ja da baya da kanta. Ya matsa ya ƙara murya, tabarmar ta ƙara ja. Ya kira ta da Hausa, ya kira ta da Turanci. Teburin ya yi ta tsawo, Inna tana ƙanƙancewa a can ƙarshensa, tana tsince wakenta.

"A yi kuka a nan," in ji mai gemun tana duba agogo. "Wurin taɓa zuciya ne."

Haushin a ce an ba shi umarnin kuka ya sa kukan ya zo da gaske. Hawayen ma ba su yi masa kara ba, ta goshi suka bi suka haye sama. Awaki suka duƙufa suna rubuta cewa hawayen alama ce ta ƙaurar matasa zuwa birni.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya gaji da garin, ya gaji da awaki, ya gaji da bakinsa.

"Matsa, ka zauna mini a gindi."

Ya waiwaya. Randar tsakar gidansu ce a kusurwa, da faifanta a ka, da moɗa a kai. An rataya mata katin ma'aikata a wuya.

"Ke kuma me kike yi a nan?"

"Aiki. Ni ce mai karɓar saƙonka. Da ni da bango da tsintsiya muke karɓa-karɓa, amma su ba su da ciki, duk a wurina ake tarawa." Randar ta yi ajiyar zuciya, ruwan cikinta ya motsa. "Na cika, Wani. Tun ba ka yi haƙori ba ake zuba mini, kai kuma ka daina zuwa ɗiba. Kullum sai ka wuce ni da takalmi ƙwas-ƙwas."

Ya ɗaga faifan. Muryar Inna ce a ciki, ƙasa-ƙasa, wata kan wata.

"Randa, wani ya rame, ko ba a ba su abinci a makarantar ne?"

"Randa, an ajiye wa wani ƙanzo a ƙarƙashin kwando, kada yara su gani."

"Randa, an ce wani ya yi magana a rediyo. Mu dai ba mu saurara ba. Amma tarin nan nasa bai warke ba."

Malam Hudu ya mayar da faifan da sauri. Da yake malami ne, sai ya fake da aiki.

"Wannan ai mutuntarwa ce," ya ce. "A yi wa abu marar rai magana kamar mutum. Adon mawaƙa ne, ina koyar da shi a aji biyar."

"Ado?" in ji randar. "Ni ce adon? Bayana ya tsage da ɗaukar maganarku, kana ce mini ado. Ita ta aiko ta hanyata, kai sai ka tsaya a tsakar gida kana amsawa da lasifika. In kana da amsa ka zuba a nan, in ba ka da ita ka matsa mini."

"Ni? In yi magana da randa? Da girmana?"

"Ka yi da bunsuru ma."

A waje rana ta ce wash, ta saki jiki. Balbelu suka tashi fuu, abin auna ƙirji yana reto a wuyansu. Mai gemun ta ɗaga ƙararrawa tana cewa lokaci ya cika, kowa ya ajiye biro. Malam Hudu ya yi wuf ya cire faifan, ya zura kai cikin randar, ya buɗe baki. Ga shi da baki har baki, amma bai san da me ake fara gaya wa randa magana ba, tun da an cinye gabatarwar. Ƙararrawar kuwa sai kaɗawa take, ƙararan, ƙararan, ƙararan.

Ya farka. Murfin tukunya ne ya faɗi a simintin tsakar gida yana juyi.

Rana tana nan a sama, la'asar ma ba ta yi ba. Ya tashi ya leƙa. Inna tana durƙushe a bakin murhu, tana laluben murfin da hannu ɗaya, yatsunta suna wucewa dab da garwashi. Hansatu ta fito daga ɗaki da gudu, ya ɗaga mata hannu ta tsaya.

Ya cire takalmansa. Ya je ya ɗauki murfin, ya tsuguna ɗan nesa da Inna, ya ba ta gefe. Kunya ta kama shi, ƙato da shi da furfura a gemu, riƙe da murfin tukunya kamar mai duba fuska a madubi. Ya daure.

"Murfi," ya ce, "ka gaya wa masu gidan nan wani yana jin tsoro. Yana tsoron ranar da za a laluba ka a kamo wuta. Kuma wani bai san abin da ake gudu a wurin likitocin nan ba. Da ma a gaya maka."

Hansatu ta toshe baki da gefen zane. Hannun Inna ya tsaya cak. Wake ya fara tafasowa yana zuba a wuta. Sannan ta juya wajen tukunyar.

"Tukunya, an ce kwantar da mutum suke su rufe masa fuska da ƙyalle, kamar gawa. Mai gidan nan haka aka rufe shi a asibiti, ba kowa nasa a kusa. In an rufe mutum, wa ke tsayawa a wurin?"

"Murfi, ka ce wani zai tsaya. Ko an kore shi ba zai fita ba."

Inna ta gyara itace a murhu. Ta share hannu a zane, ta miƙo shi ta gefe ba tare da ta juyo ba, ya ɗora mata murfin. Ta rufe tukunyarta.

"To, tukunya, ki ce masa in an zo kwance ƙyallen, kada ya tsaya mini a gaba ƙiƙam kamar soja. Ya tsaya daga gefe. Ta nan na saba ganinsa."